Sauyin Rezon Waya A Togo: Ina Rabon Makiyayi?

Jawabin da sakataren ƙungiya ya gabatar a taron makiyaya, dillalai da mahauta da aka yi a Bagida, gabas da birnin Lome

 



Shugabannin ƙungiya sun ɗora mini nauyin in yi magana a kan abin da yake cikin aljihun kowannenmu a nan, wato wayar salula, da kuma sauyin da ake ta yi wa rezon da take aiki da shi. Ni dai karatuna bai wuce firamare ba, amma aikin ƙungiya ya sa na zauna da masu gyaran waya, na zauna da ma'aikatan da ke hawa dogayen ƙarafunan nan, na yi tambaya har na gane abin da zan iya kawo muku. Wani zai ce, ina ruwan mai sanda da zancen 4G da 5G? To, ina roƙo a ba ni aron kunne, domin maganar ta shafi garkenmu, ta shafi kuɗinmu, wani lokaci ma ta shafi rayukanmu.

Waɗanda suka kai shekaruna za su tuna yadda muke aika saƙo muna yara. In mahaifina yana son ya sanar da ƙanensa a Dapango cewa shanu sun yi daraja a Lome, sai a nemi direban babbar mota a ba shi wasiƙa, ko kuwa a ɗauki magana a kaset a ɗaure da tsumma a ba shi. Daga Lome zuwa Sinkase ya fi kilomita 600. Kafin saƙo ya je, a nemi mutum a daji, a koro shanu, kasuwa ta riga ta faɗi. Rasuwa ma sai an yi sadakar bakwai wani yake ji. Wannan ba tatsuniya ba ce, da idonmu muka gani.

A shekarar 1998 aka kafa kamfanin Togocel. Bayansa Telecel ya shigo, wanda daga baya ya koma Moov. Rezon da suka fara da shi shi ne ake kira 2G. Harafin G ɗin nan tsara yake nufi, kamar yadda muke cewa tsarar kaka, tsarar uwa, tsarar ɗiya a cikin garke. Shi 2G aikinsa kira da gajeren saƙo na rubutu. A 2011, shekarar da lambobin wayarmu suka koma guda takwas, Togocel ya kawo 3G, Moov ya bi sahu a 2016. Da 3G aka soma shiga intanet da waya sosai. A watan Yuni na 2018 gwamnati ta ba kamfanonin biyu lasin 4G, wanda da shi ne hoto mai motsi yake tafiya ba tare da yawan tsayawa ba. A watan Nuwamba na 2020 Togocom, wato gamayyar Togo Telecom da Togocel, ya buɗe 5G tare da kamfanin Nokia, Togo ta zama ƙasa ta farko a Afirka ta Yamma da ta yi haka, aka soma da wasu wurare a nan Lome. A watan Maris na 2022 babbar igiyar intanet ta kamfanin Google mai suna Equiano, wadda ta biyo ta ƙarƙashin teku, ta sauka a gaɓar Lome. Sunaye ma sun sauya: Moov ya zama Moov Africa a 2021, Togocom ya zama Yas a watan Nuwamba na 2024.

Ku lura da abu ɗaya a cikin wannan lissafi. Ba a taɓa wayar gari aka rushe tsohon rezo aka kafa sabo ba. Ɗorawa ake yi a kan na da, sannu a hankali. Ƙarfe ɗaya da kuke gani a bakin hanya yana iya ɗaukar 2G da 3G da 4G gaba ɗaya, kowace waya ta kama wanda take iyawa. Haka mu ma muke yi in muna son gyara irin garke: ba ma sayar da tsofaffin shanu rana ɗaya, sai mu kawo bijimi mai kyau, mu jira haihuwa, shekara da shekaru garke ya sake kama. Sannu ba ta hana zuwa. Abin tambaya shi ne, a wannan tafiya ta sannu, wa ake sa wa a gaba, wa ake bari a baya?

Kafin in amsa, bari in faɗi alherin da muka samu, don kada a ce makiyayi bai san godiya ba. Da ƙaramar waya mai madannai, dillali a Adetikope yana sanin farashin Sinkase kafin ya yi ciniki. Flooz ya zo a 2013, TMoney ya zo a 2016, shi ne yanzu ake kira Mixx by Yas. Tun daga nan mutum ya huta da ɗaura jakunkunan sefa a ƙugu ya bi hanyar dare, abin da ya ci rayukan 'yan'uwanmu da dama a hannun 'yan fashi. A watan Afrilu na 2020, lokacin cutar korona, gwamnati ta raba tallafin Novissi ta waya, ana danna *855#, kuma ƙaramar waya ta wadatar. Duk waɗannan a kan tsohon rezo suke tafiya. Da babbar waya kuwa, wadda ake shafawa, wanda bai iya karatu ba yana aika murya ta WhatsApp da Hausa ko Fulatanci. Yana ɗaukar hoton saniya mai ciwo ya tura wa likitan dabbobi, ko sammore ne ko ciwon huhu a ba shi shawara kafin likita ya iso. In an sace sa, hotonsa da shaidar da ke jikinsa suna riga ɓarawo isa kasuwa. Wannan kuwa sai da 3G ko 4G.

Yanzu ga inda gizo yake saƙa. Kamfanin waya ɗan kasuwa ne. Kafa ƙarfe ɗaya kuɗi ne masu yawa: sai an sami fili, an kawo wuta ko injin ko faifan hasken rana, an haɗa shi da sauran ƙarafuna, an sa mai gadi. Saboda haka inda mutane suka taru, nan yake fara kai sabon abu. Lome tukuna, sa'an nan Kara, Sokode, Atakpame, da garuruwan da ke kan babbar hanyar arewa. Mu kuwa sana'armu ta gaji nisa da gari. Inda ciyawa take, nan mutane suka yi ƙaranci, inda mutane suka yi ƙaranci, nan rezo yake raguwa. Ga shi kuma ba a ƙidaya mu a wuri ɗaya, yau muna nan, wata mai zuwa mun tashi. A takardar kamfani, mashekarin da ke da mutum hamsin da shanu ɗaruruwa daji ne kawai.

Akwai kuma wani abu da masu aikin suka fahimtar da ni. Muryar da ke fita daga waya a kan igiyar iska take tafiya, igiyoyin kuwa iri-iri ne. Akwai masu dogon zango, suna ratsa itatuwa su yi nisa, amma kayan da suke ɗauka kaɗan ne. Akwai masu gajeren zango, suna ɗaukar kaya da yawa da sauri, amma ba sa nisa, bango ko kurmi yana tare su. Kamar raƙumi ne da babbar mota: mota ta fi ɗaukar kaya, amma sai inda kwalta take. Tsohon 2G yana kan masu dogon zango, shi ya sa a fili mai shimfiɗa yana iya kai wa har kilomita 35 in komai ya daidaita. Yawancin 5G ɗin da ake kafawa a birane yana kan masu gajeren zango. Saboda haka duk wanda ya ce maka 5G zai magance maka rashin rezo a daji, bai gaya maka gaskiya ba. Abin da zai amfane mu shi ne a ɗora 4G a kan igiyoyi masu dogon zango, kuma ana iya yin haka.

Bari in ba ku labarin abin da ya faru a gidanmu. Rani uku da suka wuce, ƙanena yana kiwo a dajin da ke gabas da Anie. Da dare shanu suka tsinke suka shiga gonar doya ta wani manomi, suka yi ɓarna. Kafin gari ya waye samarin ƙauyen sun taru da adduna. Ƙanena yana da lambar mai garin, yana da tawa, yana da ta jami'in kwamitin sulhu, amma wayar hannunsa babu rezo ko ɗigo. A wurin akwai wata suri guda da makiyaya suka sani, in ka hau kanta ka ɗaga hannu, wani lokaci waya tana kamawa. Yaro ya yi gudun kusan awa ɗaya kafin ya kai. Babbar wayarsa ta zamani caji ya ƙare mata tun jiya, ƙaramar mai tocila ita ce ta kama. Ya same ni, na sami mai gari, mai gari ya tura dattawa. Aka kiyasta ɓarna, muka biya ta waya a ranar, aka rabu lafiya. Amma kafin dattawa su isa an riga an sare mana shanu biyu, an kuma fasa wa ɗan ƙanena kai. Da rezo ya kai mashekarin, da kira ɗaya ya isa tun da asuba. Da kuma an riga an kashe tsohon rezon da ƙaramar wayar nan take kamawa, Allah kaɗai ya san abin da za a tarar.

Kada ku ce kashe tsohon rezo zance ne na nesa. Igiyoyin iska ƙayyadaddu ne, kamar burtali. In ana son faɗaɗa wa sabo, daga na tsoho ake yanka. Kuma riƙe tsara huɗu a lokaci guda yana cin wuta da kuɗin gyara. Don haka a ƙasashe da yawa an soma rufe na da. A Amurka kamfanin AT&T ya rufe 2G a 2017, ya rufe 3G a 2022. A Jamus an rufe 3G a 2021 amma aka bar 2G. A Ostareliya, ƙasar da ke da manyan wuraren kiwon shanu da tumaki, an gama rufe 3G a ƙarshen 2024. Manoma da makiyayan karkara suka yi ta kuka cewa wuraren da da suke samun kira yanzu ba sa samu. Har wasu wayoyi masu 4G suka daina aiki, dalili kuwa shi ne 4G don intanet aka gina shi, in ka buga kira yawancin wayoyi komawa suke yi kan 2G ko 3G, sai wayar da ke da abin da ake kira VoLTE ita ce take kira a kan 4G kai tsaye. A nan Togo 2G yana nan yana aiki. Amma in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Mu ba ma ƙin ci gaba. Muna alfahari da cewa ƙasar nan ta riga maƙwabtanta. Amma kowane makiyayi ya san cewa ba da saurin bijimi ake kora garke ba, da tafiyar maraƙi ake yi, in ba haka ba ka isa mashaya da rabin dukiyarka. Saboda haka, da sunan ƙungiya, ina miƙa waɗannan buƙatu ga gwamnati, da hukumar ARCEP mai kula da harkar sadarwa, da kamfanonin biyu.

Na ɗaya, duk ranar da za a yi shawarar rufe 2G ko 3G a wani yanki, kada a rufe sai sabon rezo ya kai duk inda tsohon yake kaiwa, kuma a auna a daji, ba a bakin kwalta kawai ba. A ba da sanarwa tun da wuri, a gidajen rediyo, da Hausa da Fulatanci da sauran harsunan ƙasa, ba da Faransanci a jarida kaɗai ba.

Na biyu, in ana zana taswirar inda za a kafa sababbin ƙarafuna, a sa burtali da mashaya da kasuwannin dabbobi a ciki. Dokar sadarwa ta 2012 ta yi tanadin cewa sadarwa ta isa ga kowa. Makiyayi yana cikin kowa. Yana biyan haraji a kasuwa, yana sayen kati kamar mutumin birni. Musamman muna tuna 'yan'uwanmu na yankin Savanes, inda aka kafa dokar ta-ɓaci ta tsaro a watan Yuni na 2022. A can kira ɗaya yana iya tserar da ruga guda.

Na uku, a bar hanyar danna lambobi ta ƙaramar waya don aika kuɗi da karɓar tallafi. Kada a wayi gari a ce sai mai babbar waya. A Mali tun 2017 akwai wani tsari mai suna Garbal, wanda ƙungiyar SNV ta Holan da kamfanin Orange Mali da wasu suka haɗu suka kafa. Makiyayi yana kira da ƙaramar waya a gaya masa inda ruwa da ciyawa suke, da farashin dabbobi da hatsi, bayanin kuwa har daga tauraron ɗan'adam ake samo shi. Daga baya an kai shi Burkina Faso da Nijar. Wannan ya nuna ana iya kawo ilimin zamani ta tsohuwar waya. Muna son irinsa a Togo.

Na huɗu, muna yaba yarjejeniyar da ta fara aiki a 2024 tsakanin Togo da Benin, da kuma tsakanin Togo da Gana, wadda ta sauƙaƙa wa matafiyi amfani da layinsa in ya ƙetara iyaka. Babu wanda ya fi mai dabba da ɗan kasuwar dabba ƙetara iyaka. A yi bayanin sharuɗɗanta a kasuwanni don mutanenmu su amfana.

Kuma kada mu ɗauka kuka ba ya amfani. Hukumar ARCEP ta taɓa cin tarar kamfanonin nan, ɗaya a 2021, ɗaya a 2022, saboda yawan yankewar rezo. Ashe akwai mai ji. Sai dai hukuma da hujja take aiki.

Wannan ya kawo ni ga namu aikin, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Da farko, kowane ardo ya sa wani yaro mai karatu ya rubuta wuraren da babu rezo a yankinsa: sunan ƙauyen da ya fi kusa, sunan rafi ko mashaya, yawan mutanen da ke sauka a wurin, da watannin da suke zama. A kawo wa ofishin ƙungiya. Mu za mu haɗa, mu kai inda ya dace da hatimin ƙungiya. Takarda ɗaya mai sunayen wurare ta fi ƙorafi ɗari a bakin kasuwa.

Abu na biyu, kowa ya yi rajistar layinsa da sunansa da takardarsa. Da yawa daga cikinmu da layin da wani yaro a tasha ya yi wa rajista muke aiki, kuɗin shanu kuwa suna ciki. Tun 2021 an ƙayyade cewa mutum ɗaya kada ya wuce layi uku a kamfani guda. Ranar da za a ce a sauya sim don ya dace da sabon rezo, ko wayar ta ɓace, mai sunan shi za a nema. In ba ka san inda yake ba, kuɗinka sun shiga rijiya. Wanda ba shi da takardar shaida ya zo ofis mu nuna masa hanyar samu. Iyayenmu mata, wannan har da ku: kuɗin nono su shiga layin da ke da sunanki.

Abu na uku, kada wanda ya sayar da karsana don ya sayi wayar 5G. Lokacinta bai yi ba a wurinmu. Amma in wayarka ta mutu za ka sayi wata, ka tambaya ko tana da 4G, ka tambaya ko tana da VoLTE. Yanzu akwai masu madannai da ke da 4G, ga riƙe caji. Ka sa mai shago ya saka sim ɗinka ya gwada a gabanka, domin akwai jabu a kasuwa, a kwali an rubuta abu ɗaya, a ciki wani abu daban. Kuma kada ka yar da tsohuwar tukuna. Kowace ruga ta mallaki faifan hasken rana ko da ƙarami ne, domin waya marar caji da dutse duk ɗaya.

Abu na huɗu, sabon rezo da sauri yake kawo alheri, da sauri kuma yake kawo sharri. Duk wanda ya kira ka ya ce shi ma'aikacin kamfani ne, za a sauya maka layi zuwa 4G ko 5G, ka faɗi lambarka ta sirri, ɓarawo ne, ka kashe wayar. Sauyin sim a ofishin kamfani ake yi, ido da ido. Har ila yau, matasa, ku ji tsoron Allah a kan hotuna da muryoyin da kuke turawa. An sha turo hoton rikicin wata ƙasa, na shekarun baya, a ce jiya ne aka yi a ƙauye kaza. Kafin ka tura, ka kira ardon wurin ka tambaya. Tsakaninmu da manoma zaman tare ne, kada yatsa ya rushe abin da dattawa suka gina.

Jama'a, kakanninmu sun zo ƙasar nan da ƙafa, suka kafa zango, suka riƙe cinikin shanu da goro da amana da saƙon baki. A 1977 aka tashi tsohon Zangon Lome daga tsakiyar gari aka mai da shi arewa da birni, ba su watse ba, suka sake gini. Sauyi ba baƙonmu ba ne. Abin da muke nema shi ne a yi shawara da mu kafin a yanke, mu ma kuma mu shirya kafin a zo. Takardun rubuta wuraren da babu rezo suna wurin ma'aji a bakin ƙofa, kowane ardo ya karɓi tasa kafin ya tafi, a dawo da su kafin taro na gaba.

 In na yi kuskure a yafe mini. Allah ya albarkaci garkenmu, ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya.